Munkaila Ƙwaurin Ƙarfe

Zongo, Kumasi
5 ga Disamba 1969

Zuwa ga matata Barkisu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, cikin lore guda harda ta saman kaya. Ina fatan kun isa Dosso lafiya, ke da ɗiyata Habsa da Baba Gariba, da wannan baƙo na wata bakwai dake cikinki yana buga miki ƙwallo a haƙarƙari. Yaya azumi a hanya? Yaya kumburin ƙafa? Kai kuma Iliyasu ƙanin matata, nasan kai zaka karanta mata. Ka karanta yadda na rubuta, karka gyara min. Wata huɗu nayi a makarantar manya, kuma malamin da kansa yace bai taɓa ganin irina ba.

Ni dai lafiyata lau, ƙalau, garau. Jiya da dokunu uku na sha ruwa, tuwon masarar nan na cikin ganye.

Barkisu, Zongo ya zama kango. Tun ranar biyu ga wata da wa'adin gwamnati na korar baƙi ya cika, duk wanda baida takardar zama baya iya leƙa titi. Ni kuwa takardar me? Ubana ne yazo daga Nijar da ƙafa, ni a bayan masallacin layinmu aka binne cibiyata. Amma ki kwantar da hankali. Kamar yadda na faɗa miki a tasha, na tsaya ne in ƙarasa ɗaure ma Alhaji Bukari sauran goronsa, in kuma tsare miki keken ɗinkinki. Duk Kumasi waye zai ɗaure huhun goro in ba ni ba? Su sauran da hannu suke jan igiya. Ni ƙwauri nake kafawa a jikin huhu in ja, sai kiji ganye yana kuka. Ba banza ake ce min Ƙwaurin Ƙarfe ba. Kin tuna ranar da na fara zuwa zance gidanku, na karya rake a ƙwaurina ina dariya na miƙa miki rabi? Tun ranar kika faɗa, karki musa a gaban ƙaninki.

To ga labari. Shekaranjiya da azahar Kwaku Duro, wannan mai jan ido dake zaman banza a bakin famfo, yazo da mutum huɗu. Kowa da katako, ɗaya da sarƙar keke. Suna ihu ko wo kurom, ko wo kurom, wai in koma garinmu. Ƙafa ɗaya suka sa ƙofarmu ta ɓalle. Kwaku ya sheme ni da katako a gadon baya, na biyu a wuya, mai sarƙa ya tsaga min kunne. Jini har cikin rigata. Biyu suka kama keken suna ja. Na kwanta ƙasa, da gangan, dabara ce, suka hau ni da shuri. Mai gidanmu Maame Adwoa ta fito da taɓaryar fufu tana zaginsu har kakanninsu, suka hankaɗa tsohuwa cikin kwata.

Cikin kokawar sai wandona ya naɗe har gwiwa. Kinsan wannan farin ɓawon dake fito min a gwiwar hannu da cikin gashi, wanda kike kankare min da mataji? To ya ɗan sauko ƙwauri kwanan nan, kaɗan dai. Mai sarƙa na gani ya daka tsalle baya yana cewa kwata, kwata! Da Tonanci, yaren Tonawa 'yan ƙasar nan, kuturta kenan. Barkisu, basirar mijinki! Nan take na sa farce na kankaro ɓawon cikin tafin hannu, na miƙe, nace eh kuturu ne ni, tun kakan kakana, zo in shafa maka albarka. Na hura musu a fuska. Wallahi Kwaku ta taga ya fita, tagar da ko Habsa sai ta rage ciki. Mai sarƙa ya bar takalminsa ƙafa ɗaya, yana nan na ajiye ma Iliyasu.

Keke yana nan, ko allura bata faɗi ba. Kafin ki haihu ina gabanki, ni zan yi wa yaron huɗuba a kunne da bakina, wannan alkawari ne. Ki gaida Baba, ki ce ma Habsa babanta ya kori mutum biyar bai ce wash ba.

Naki har kullum,
Munkaila Ƙwaurin Ƙarfe


Zongo, Kumasi
27 ga Disamba 1969

Barkisu tawa,

Sallama da gaisuwa, da barka da sallah ko da ta wuce. Yaya jikin, yaya baƙon ciki da Habsa? Takardarki ta iso hannun direba Kimba. Naji kince ƙasar duk yashi ce kuma babu borodi. Ki yi haƙuri, ina zuwa, in na iso ko yashin ne zai yi daɗi. Naji kuma tambayarki, wai me yasa tun watan Rajab nake kwana da dogon wando. Ke dai ɗan sanda aka rasa. Zan zo kan wannan.

Yanzu mijinki shine sarkin yaƙin layinmu. Duk gidan da su Kwaku suka nufa sai a aiko a kira ni. In zo in naɗe wando, in tsaya bakin ƙofa ina susa. Gida shida na tsare da ƙaiƙayi kawai. Har waƙa na haɗa, ina yi ina rangaji. Abin dariya, mutanenmu ma sun fara yarda. Mai shinkafa da wake yanzu daga nesa take turo min ganyen abincin da ƙafa. Ranar idi na shiga sahu, sai naga fili dama da hagu, kamar wani gwamna. Nace madalla, yau zanyi sujada in miƙe sosai. Alhaji Bukari kuma ya aiko cewa kar in ƙara taɓa masa goro, wai abin baki ne. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaure masa.

Sai dai ranar Talata banyi dariya ba. Sun tare Osmanu abokin aikina na ɗaurin goro a bakin ɗakinsa da hantsi, su tara wannan karon. Daga inda nake zaune a ƙofarmu zuwa wurin taku talatin ne, na ƙirga daga baya. Naji yana kiran sunana. Sun danne hannunsa na dama akan dakali, Kwaku ya ɗaga turmin daka ya sake a kai. Naji ƙarar ƙashin daga nan. Suka bi bakinsa da dutse, haƙora huɗu muka tsinta a ƙasa. Yana ta kira, Munkaila, Munkaila, zo ka yi musu susar.

Barkisu, na yunƙura. Ƙafa taƙi. Da rarrafe na isa, kamar jariri, kafin nan sun gama sun kwashe kayansa sun tafi suna fito. Osmanu ya tafi a motar jiya da hannu a ɗaure da kara, bai min sallama ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Iliyasu, ka rage murya a nan.

Ba don goro na tsaya ba, ba kuma don keke ba. Ranar da kuka tafi, da na ɗora ki na ɗora Habsa, na sa ƙafa akan taya zan hau, sai naji kamar an kafa ƙusa a ƙwaurina an buga guduma. Na gwada sau biyu ta bayan mota inda ba kya gani. Naga in na ce a ɗaga ni, duk tasha zata ga ana ɗaga Ƙwaurin Ƙarfe kamar buhun gawayi. Shine na zagayo ina dariya nace miki na fasa, ina da aiki.

Wata biyar kenan ina fama da ƙafar nan. Ɓawon ya rufe ƙwauri duka biyu, ja daga ƙasa fari daga sama, in na kankare sai jini tsit tsit. Ciwon kuma ba a fatar kaɗai yake ba, yana can jikin ƙashi, daga ƙasan gwiwa har idon sawu, har agara ta bayan diddige. Da safe shine bala'i. In na farka ƙafafun nan kamar na wani aka ara min, sai rana ta ɗaga na ɗan motsa suke sakin jiki. Yatsan ƙafata na biyu ya kumbura gaba ɗaya kamar ayaba, farcena duk ya yi ramu ramu yana ɗagawa. Ko zanin rufa ya taɓa ƙwaurin sai na ciji leɓe. Abin da wandon yake ɓoyewa kenan.

Amma karki yi kuka, kinsan kuka yana sa yaro ya fito da kumatu. Kimba zai sake lodi bayan sati biyu. Wannan karon ko da igiya ne a ja ni sama.

Mijinki,
Munkaila Ƙwaurin Ƙarfe


Zongo, Kumasi
19 ga Janairu 1970

Barkisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da yara da Baba. Nasan kin fita tarar motar Kimba baki ganni ba, kuma nasan mutanen cikin motar sun riga ni baki. Ki ji daga wajena.

Na je tasha. Maame Adwoa ta ɗauko min kan keken a kanta, ni ina dogara sanda, ƙafafun keken mun bar mata. Mota ta kusa cika, mata da yara da tukwane. Ina isa sai wata mata daga sama tace kar a ɗauki kuturun nan, kwana biyar za'ayi jiki da jiki, ga jarirai. Sai kowa ya ɗauka. Nace haba jama'a, ni ne fa, Munkaila, wasa nake ma Tonawa! Wani yace wasa da bakinka ka faɗa tun kakan kakanka, gida shida suna shaida. Gida shidan da na tsare, Barkisu. Biyu daga cikinsu suna cikin motar.

Kimba ya sauko. Kinsan tun muna samari muke tare a filin goro, sau nawa ya karya sanda a ƙafata ana tafi. Yace in naɗe wando, na naɗe, mutane suka ja baya. Ya zaro ƙarfen taya daga ƙarƙashin kujera. Yace Munkaila, tsaya da kyau. Ya dube ni wani iri, sai ya ɗan sakar min shi a tsakiyar ƙwauri.

Wuta na gani. Na ga uwata da ta rasu, na ga taurari da rana tsaka. Amma ga tasha cike, ga mata a sama suna kallo, ga Kimba da ƙarfe. Sai na zaci tsohon wasanmu ne, yana so ya tuna musu ko ni waye. Na haɗiye ihun, ya wuce maƙogwaro kamar garwashi. Na washe baki nace Kimba, sauro ne ya cije ni? Ƙara!

Kimba ya yar da ƙarfen, idonsa ya kawo ruwa, yace shikenan ɗan uwa, Allah ya baka lafiya. Matar nan tace kun gani, baya ji! Daga nan sai dutse. Na farko a kafaɗa, na biyu ya fasa min goshi, wani ya sa gora ya tunkuɗe ni na faɗa cikin kwata. Mutanenmu ne fa, da Hausa suke zagina. Maame Adwoa ce ta kwanta akan keken, ta sha biyu a baya. Ina kwance ina kallo motar ta tashi.

Tsohuwar ta sa aka kai ni asibiti a amalanke. Dokita ya ɗinke goshin, ya duba farce, ya matsa yatsan, ya kankari ɓawon, ya ɗan yanki fatar kunne ya kai ɗaki. Da na koma bayan kwana uku yace ba kuturta bace ko kaɗan. Ciwon fata ne dake tafiya da ciwon gaɓoɓi, yana kama inda jijiya ta manne da ƙashi, shi yasa ƙwauri da agara. Ba'a ɗauka, ko kwano ɗaya aka ci. Baya warkewa duka amma yana lafawa. Sunansa na Turanci yafi igiyar huhu tsawo. Ya bani asfirin da wani baƙin mai mai warin kwalta, yanzu in na wuce kamar ana gyaran titi.

Na bashi labarin tasha don ya yi dariya. Bai yi ba. Yace ai tabon kuturu baya jin zafi, direbobi duk sun san wannan, da shi suke gwadawa. Abokinka ƙofa ya buɗe maka. Da ka ce wayyo sau ɗaya da yanzu kana wajen matarka.

Kwana biyu ban ci abinci ba, ni da kika sani.

Ya rubuta min takarda da hatimi. Kimba zai dawo farkon wata, kuma ance shine lodinsa na ƙarshe, don babu sauran mutane. Ki ce ma baƙon nan ya jira ubansa, kar ya yi gaggawa, ba wani abin kirki a waje.

Naki,
Munkaila Ƙwaurin Ƙarfe


Bakin ruwan Yeji
8 ga Fabrairu 1970

Zuwa ga Barkisu, uwar Habsa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yaya nauyin jiki? Yaya Baba da kowa? Ki dubi saman takardar nan da kyau. Iliyasu, maimaita mata. Ba Kumasi na rubuta ba. Muna layin jirgin ƙetare ruwa, motoci goma sha uku a gabanmu, ance sai gobe ko jibi. Wani mai ƙaramar mota dake gaba zai riga mu, shi na ba wannan.

Ga yadda akayi. Na isa tasha da takardar dokita na miƙa ma Kimba. Ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, duk motar babu mai Turanci. Wani yace takarda ai ko akuya ta samu hatimi zata kawo. Naga hannaye sun fara laluben ƙasa. Sai na jingina da taya, na naɗe wando da kaina, nace Kimba sake gwadawa. Rannan ƙarya nayi, naji har cikin ɓargo.

Wata tsohuwa Bazabarma tace ihu ai kowa ya iya, yanzu ya san abin da ake nema. A rufe masa ido, kar ya san yaushe, kar ya san ina. Ta kwance ɗankwalinta ta jefo. Kimba ya ɗaure min fuska tam. Yace bazai ƙara sa min ƙarfe ba ko za'a yanka shi, sai naji ya karɓi sandar rake wajen mai talla. Rake, Barkisu. Ni da rake.

Ina tsaye cikin duhu, jama'a shiru. Naji fau! Ashe taya ya buga, ban motsa ba. Naji fau kuma, jikin mota. Gumi yana bin bayana. Aka daɗe, har na fara tunanin ko sun watse sun barni. Na buɗe baki zan yi wata maganar banza irin tawa, sai ya sauke min shi da hannu biyu, daidai kan tabon ƙarfen rannan.

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Ance har masu gyaran mota can a unguwar Suame sun ɗaga kai. Na kira uwata, na kira ki, na kira Annabi, na faɗi ina birgima ina riƙe da ƙafa, hawaye da majina, kuma tunda gaskiya muke yi yau, wandon ma bai tsira ba. A gaban mata. A gaban masu dako da na yi shekara ashirin ina ma dariya in sun ce wash. Can gefe har Kwaku Duro na hango da aka kwance min ido, ya saki baki, ya gane wanda ya kore shi ta taga.

Ba wanda ya yi dariya. Tsohuwar Bazabarmar ce ta fara magana, tace wannan yana ji, ku ɗauko shi. Mutum huɗu suka ɗaga ni kamar buhun gawayi, daidai abin da na guda wata biyu da suka wuce, suka miƙa ni sama. Kimba yana ta cewa yafe min, yafe min, nace kai dai ja mota. Maame Adwoa ta miƙo kan keken, ta ɗaure min dokunu shida a tsumma, tana kuka tana zagina da Tonanci wai ni wawa ne tun ina yaro.

Ƙashin bai karye ba, ya dai kumbura kamar gwanda. Sun bani wuri a gefe in miƙe ƙafa, tsohuwar Bazabarmar ce ke shafa min man kwalta da hannunta, duk motar na wari ba mai magana. In mun tsaya sallah mutum biyu ke sauke ni. Na iya cewa ku taimaka min yanzu, ba wuya ashe, kalma uku ce.

Raken ma bai karye ba. Karo na farko a rayuwata. Yana nan kusa dani, na hana kowa sha, naki ne. Sai dai ki nemo wuƙa.

In baƙon ya riga ni, Baba ya yi masa huɗuba, amma ku bar min kunne ɗaya. Kimba yace in Allah ya so kafin babbar sallah muna Dosso. Kar ku tsaya nesa in mota ta tsaya, ku matso da Iliyasu da wani mai ƙarfi, don bazan iya sauka da kaina ba. Ki kuma faɗa ma Habsa tun yanzu cewa babanta yana kuka in abu ya yi zafi, kar ta ji a bakin 'yan mota.

Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Munkaila